RAHOTON MUSAMMAN: Yadda jihohi 16 na Amurka suka tauye wa jami'o'in baƙar fata sama da dala biliyan 12

A ranar 18 ga Satumba, 2023, wasiƙu 16 suka fita daga birnin Washington zuwa ofisoshin gwamnoni 16 na Amurka. Kowace wasiƙa tana ɗauke da sa hannun manyan jami'ai biyu na gwamnatin Shugaba Joe Biden, wato Sakataren Ilimi Miguel Cardona da Sakataren Noma Tom Vilsack. Kalaman da ke ciki kusan iri ɗaya ne, adadin kuɗin da aka rubuta wa kowane gwamna ne kawai ya bambanta.

An shaida wa gwamnan Tennessee cewa tsakanin 1987 da 2020 jiharsa ta tauye wa Jami'ar Jihar Tennessee dala biliyan 2.1, idan aka auna abin da take ba ta kan kowane ɗalibi da abin da take bai wa Jami'ar Tennessee da ke Knoxville. Gwamnan North Carolina ya ga adadin da ya ɗara dala biliyan biyu, na Florida kuma ya ga wanda ya kusa biliyan biyu. Texas da Louisiana kowacce an rubuta mata sama da dala biliyan ɗaya. Mafi ƙarancin adadi shi ne na Kentucky, dala miliyan 172. Jimillar giɓin ta haura dala biliyan 12.

Jami'o'in da ake magana a kansu ba na 'yan kasuwa ba ne. Mallakar jihohin ne, dokar tarayya ce ta ba su matsayin da suke da shi, kuma dokar ta ce a raba kuɗi tsakaninsu da takwarorinsu bisa adalci. Abin da ya raba su da takwarorin nasu shi ne tarihi: an kafa su ne domin baƙar fata a lokacin da dokokin jihohin Kudu suka haramta wa baƙi da fari zama a aji ɗaya. Jihohi biyu kacal, Delaware da Ohio, ba a aika wa wasiƙar ba, domin lissafin ya nuna suna yin rabon yadda ya kamata.

Wasiƙun ba umarnin kotu ba ne, ba su kuma zo da barazanar wani hukunci ba. Sai dai sun fito da wata tambaya da ta daɗe tana yawo a majalisun jihohi da kotunan Amurka: idan gwamnati ta yi shekaru tana hana wata hukuma tata haƙƙinta, wa zai tilasta mata biya, kuma da wane ma'auni za a ƙididdige abin da aka hana?

Fili daga gwamnati, ilimi ga 'ya'yan manoma

Tushen maganar yana komawa ne zuwa 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Wani ɗan majalisar wakilai daga jihar Vermont mai suna Justin Morrill, ɗan maƙeri wanda shi kansa bai yi karatun jami'a ba, ya gabatar da ƙudurin kafa makarantun gaba da sakandare domin 'ya'yan manoma da masu sana'ar hannu. Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa dokar hannu ranar 2 ga Yuli na wannan shekara.

Tsarin mai sauƙi ne. Gwamnatin tarayya za ta bai wa kowace jiha fili eka 30,000 kan kowane wakili da take da shi a majalisar dokokin ƙasa. Jiha za ta sayar da filin, ta adana kuɗin a asusu, ta riƙa gudanar da kwalejin koyar da noma da aikin injiniya da ribar da asusun ke haifarwa. Daga nan aka samu sunan da ake kiran su da shi, wato jami'o'in kyautar fili. Yawancin wannan ƙasa, kusan eka miliyan 11, an karɓe ta ne daga hannun ƙabilun 'yan asalin Amurka kimanin 250, wasu da ƙarfin bindiga, wasu da yarjejeniyoyin da aka tilasta musu. Manyan jami'o'i irin su Cornell da Texas A&M da Jami'ar Jihar Kansas duk da wannan dukiya suka tsaya da ƙafafunsu.

Da yaƙi ya ƙare aka 'yanta bayi kusan miliyan huɗu, sai jihohin Kudu suka rufe wa 'ya'yansu ƙofofin waɗannan kwalejoji. Ƙalilan ne suka ware musu wani abu. Mississippi ta kafa Alcorn a 1871, kuma shugabanta na farko shi ne Hiram Revels, baƙar fata na farko da ya zauna a majalisar dattawan Amurka. Virginia ta bai wa makarantar Hampton wani kaso. Mafi yawan sauran suka yi kunnen uwar shegu.

A 1890 Morrill, wanda a lokacin ya zama sanata, ya dawo da doka ta biyu, Shugaba Benjamin Harrison ya sa mata hannu ranar 30 ga Agusta. Wannan karon kuɗi aka bayar a maimakon fili: dala 15,000 a shekara ga kowace jiha, a riƙa ƙara dala 1,000 duk shekara har ya kai 25,000. Sharaɗin shi ne jiha ba za ta karɓi kuɗin ba idan kwalejinta na nuna bambancin launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Amma dokar ta bar wata kafa: jiha na iya kafa wa baƙar fata kwalejinsu daban, muddin za ta raba kuɗin bisa gaskiya da adalci. Duk jihohin Kudu ta wannan kafa suka bi.

A yau jami'o'i 19 ne ke da wannan matsayi a jihohi 18, kuma ana kiran su jami'o'in 1890. Alabama na da biyu, Alabama A&M da Tuskegee. Ta ƙarshe da ta shiga sahu ita ce Central State ta Ohio, a 2014.

Ɗan mowa da ɗan bora

Adalcin da dokar 1890 ta ambata ya tsaya ne kan kuɗin da ita dokar ta tanada. Sauran hanyoyin kuɗi, waɗanda daga baya suka fi shi girma nesa ba kusa ba, sun bi wata turba daban.

A 1887 an yi Dokar Hatch, wadda ta kafa cibiyar gwajin noma a kowace jiha da kuɗin tarayya. A 1914 aka yi Dokar Smith-Lever, wadda ta kafa aikin malaman gona, masu kai wa manomi sakamakon bincike har gonarsa. Dokar 1914 ta bar wa majalisar kowace jiha ta zaɓi kwalejin da za ta riƙe kuɗin, jihohin Kudu kuwa suka miƙa wa kwalejojin fararen fata. Malaman gona baƙar fata sun ci gaba da aiki, amma ƙarƙashin kulawar wasu, da albashin da bai kai na takwarorinsu ba.

Sai a 1967 ne jami'o'in 1890 suka fara samun wani kaso na kuɗin binciken noma daga tarayya, shi ma dala 283,000 ne aka ce su raba tsakaninsu. A 1977 aka ba su nasu tsayayyen asusu na bincike, wanda ake kira Evans-Allen, tare da na aikin malaman gona. Ke nan shekara 90 cif ce tsakanin Dokar Hatch da lokacin da waɗannan jami'o'i suka samu makamanciyarta. A tsawon wannan lokaci takwarorinsu sun gina ɗakunan gwaje-gwaje, sun mallaki gonakin bincike, sun yaye masu digirin digirgir, sun tara tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni.

Bayan nan sai batun kason jiha ya shigo. Ƙa'idar tallafin noma na tarayya ita ce duk dala ɗaya da Washington ta bayar, sai an ɗora wata dala daga kuɗin da ba na tarayya ba, wanda a al'ada jiha ce ke bayarwa. An fara ɗora wa jami'o'in 1890 wannan sharaɗi da dokar 1998: kashi 30 cikin 100 a shekarar 2000, aka yi ta ɗagawa har ya kai dala kan dala a 2007. Manufar ita ce a jawo jihohi su sa hannu a aljihu. Amma alhakin nemo kason ya faɗa kan jami'ar, ba kan gwamnatin jihar ba. Idan jiha ta ƙi bayarwa, babu wani hukunci a kanta. Jami'ar ce za ta zaɓi ɗaya cikin uku: ko ta kwashe daga kuɗin gudanar da azuzuwa ta cike gurbin, ko ta roƙi Sakataren Noma ya yi mata sassauci, wanda doka ta yarda ya yafe abin da ya haura rabin kason, ko kuma ta yi asarar wani ɓangare na kuɗin tarayyar.

A 2013 ƙungiyar jami'o'in gwamnati da na kyautar fili ta Amurka ta fitar da rahoton da ya nuna cewa tsakanin 2010 da 2012, kashi 61 cikin 100 na jami'o'in 1890 ba su samu cikakken kason jiha ba, abin da ya kai asarar kusan dala miliyan 57. A daidai wannan lokaci, jihohin sun biya wa jami'o'in 1862 nasu kason cif, wasu ma sun yi ƙari. Asusun jiha ɗaya ne, majalisa ɗaya ce, kasafin kuɗi ɗaya ne, amma ɗan mowa ya samu nasa, ɗan bora aka bar shi da takardar neman sassauci.

Lissafi biyu da ake yawan cakuɗawa

A wannan muhawara akwai lissafi iri biyu, kuma raba su yana da muhimmanci. Na farko shi ne kason da jiha ta kasa ɗorawa kan tallafin noma na tarayya. Wannan ƙayyadadden abu ne, akwai shi a takardun Ma'aikatar Noma, kuma dokar noma ta 2018 ta wajabta a riƙa bayyana shi ga jama'a duk shekara. Adadinsa miliyoyi ne.

Na biyu shi ne wanda wasiƙun 2023 suka yi amfani da shi. An ɗauki duk abin da jiha ke ware wa jami'arta ta 1862 a kasafin kuɗi, aka raba shi kan yawan ɗalibai, sannan aka tambaya: da an bai wa jami'ar 1890 daidai wannan adadi kan kowane ɗalibi nata, nawa za ta samu cikin shekara 33? Bambancin da ya fito shi ne biliyoyin da aka ambata. Alƙaluman sun fito ne daga rumbun bayanan cibiyar ƙididdigar ilimi ta tarayya. Tun a 2022 mujallar Forbes ta yi irin wannan lissafi, ta samu dala biliyan 12.8.

Wasu jihohi, ciki har da Virginia, sun ƙalubalanci wannan ma'auni. Hujjar masu suka ita ce manyan jami'o'in jiha na gudanar da makarantun koyon likitanci da na likitan dabbobi da manyan cibiyoyin bincike, waɗanda kuɗin gudanar da su ya fi na sauran kwasa-kwasai, saboda haka kwatanta kuɗin kowane ɗalibi kai tsaye ba zai ba da hoton gaskiya ba. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana, domin horar da likita ɗaya ya fi horar da malamin makaranta tsada.

Sai dai masu kare jami'o'in 1890 na da amsa mai nauyi. Wa ya yanke shawarar inda za a ajiye makarantar likitanci tun farko? Majalisun jihohin ne suka zaɓi inda za su gina tsangayoyi masu tsada, a zamanin da doka ta raba mutane bisa launin fata. Saboda haka tsadar da ake kafa hujja da ita a yau, ita kanta 'yar wancan rabo ce. Kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya: jami'ar da ba ta da ɗakin gwaji na zamani ba za ta iya gasar neman manyan tallafin bincike ba, rashin tallafin kuma sai ya zama dalilin ci gaba da ba ta kaɗan.

Darasin Tennessee

Babu inda wannan taƙaddama ta fito fili kamar Nashville. An buɗe Jami'ar Jihar Tennessee a 1912. Ita ce ta yaye Oprah Winfrey da Wilma Rudolph, wadda ta ci lambobin zinare uku a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960. A 1968 wata matashiyar malama a jami'ar, Rita Sanders Geier, ta kai jihar ƙara kan shirin faɗaɗa reshen Jami'ar Tennessee a cikin garin Nashville, tana mai cewa hakan zai dawwamar da jami'ar fari daban, ta baƙi daban. Shari'ar ta kai ga haɗe reshen da jami'ar baƙar fatar a 1979, kuma ba a rufe ta gaba ɗaya ba sai a 2006.

A 2021 wani kwamitin majalisar jihar, wanda ɗan majalisa Harold Love ƙarami ke cikin jagororinsa, ya sa ofishin nazarin kasafin kuɗi na majalisar ya bi tsofaffin takardu. Mahaifinsa, wanda shi ma ɗan majalisa ne, ya taɓa tayar da wannan magana tun wajen 1970. Binciken ya gano cewa jihar ta yi shekaru da dama, daga 1957 zuwa 2007, ba ta bai wa jami'ar kasonta na kuɗin kyautar fili ba. Abin da aka ƙiyasta ana bin jihar ya kama daga dala miliyan 150 zuwa miliyan 544, gwargwadon ma'aunin rabon da aka yi amfani da shi.

A 2022 Gwamna Bill Lee da majalisar suka ware wa jami'ar dala miliyan 250, amma da sharaɗin a kashe su kan gyaran gine-gine da kayan more rayuwa kawai. A wannan shekarar ce jami'ar ta ɗauki sababbin ɗalibai fiye da yadda ta saba, bayan ta faɗaɗa tallafin karatu sosai. Ɗakunan kwana suka gaza, aka kai ɗaruruwan ɗalibai otal-otal. Nan take akalar muhawara ta juya daga abin da jiha ta hana jami'ar zuwa yadda shugabanninta ke sarrafa abin da ke hannunsu.

Babban mai binciken kuɗi na jihar ya fitar da rahoto mai zafi kan shugabancin jami'ar. Wani binciken ƙwaƙƙwafi da aka yi daga baya bai samu manyan shugabannin da zamba ba, amma ya nuna raunin kula da asusu da alƙawuran tallafin karatu da suka fi ƙarfin aljihun makarantar. A watan Maris na 2024 majalisar ta rusa hukumar gudanarwar jami'ar baki ɗaya, gwamna ya naɗa sababbin mambobi daga cikin tsofaffin ɗalibanta. Shugabar jami'ar, Glenda Glover, ta yi ritaya a tsakiyar shekarar. Kafin shekarar ta ƙare an sallami ma'aikata sama da 100, kuma sai da jiha ta kawo ɗauki kafin a iya biyan albashi. A 2025 aka cimma yarjejeniyar da ta bai wa jami'ar damar karkatar da dala miliyan 96 daga cikin kuɗin gine-ginen zuwa harkokin yau da kullum.

Abubuwa biyu ne suka tabbata a wannan labari, kuma ɗaya bai goge ɗaya ba. An yi kurakuran gudanarwa a jami'ar. An kuma yi rabin ƙarni ana hana ta haƙƙinta, kamar yadda ma'aikatan majalisar jihar da kansu suka rubuta. Jami'ar da take da tarin ajiya za ta iya shanye kuskuren shekara ɗaya ba tare da kowa ya ji ba, wadda ba ta da komai a rumbu kuwa kuskure ɗaya ya isa ya durƙusar da ita.

Abin da kotuna suka ce

Hanyar kotu doguwa ce, kuma ba kullum take ɓullewa ba. A Mississippi, wani uba mai suna Jake Ayers ya shigar da ƙara a 1975 kan yadda jihar ke fifita jami'o'in fararen fata. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1992 cewa bai isa jiha ta ce ta buɗe ƙofa ga kowa ba, wajibi ne ta kawar da duk wata manufa da ta samo asali daga zamanin wariya, muddin tana ci gaba da raba mutane. Ba a kammala sulhu ba sai a 2002, inda jihar ta amince da biyan dala miliyan 503 cikin shekara 17 ga jami'o'i uku, ciki har da Alcorn. Ayers ya rasu tun kafin a kai ga wannan rana.

A Maryland an shigar da ƙara a 2006. A 2013 mai shari'a Catherine Blake ta samu jihar da laifin barin jami'o'in da ke kusa su riƙa kwafar kwasa-kwasan da jami'o'in baƙar fata ke gudanarwa, abin da ke janye musu ɗalibai. Gwamna Larry Hogan ya ƙi sa hannu kan dokar biyan diyya a 2020, amma a Maris na 2021 ya amince da dala miliyan 577, waɗanda za a biya cikin shekara goma ga jami'o'i huɗu, ɗaya daga cikinsu jami'ar 1890 ce da ke yankin Eastern Shore.

A Florida kuwa labarin ya sha bamban. Ɗalibai shida na Florida A&M sun kai jihar ƙara a 2022, suna cewa an tauye wa jami'arsu kimanin dala biliyan 1.3 cikin shekara 33. A watan Janairu na 2024 mai shari'a Robert Hinkle ya kori ƙarar, bisa dalilin cewa masu ƙarar ba su nuna cewa bambancin kuɗin da ake gani a yau ya samo asali ne kai tsaye daga dokokin wariya na da ba. Hukuncin ya nuna iyakar abin da alƙaluma kaɗai za su iya yi a gaban alƙali: nuna giɓi abu ne daban, tabbatar da musabbabinsa kuma wani abu ne daban.

Inda aka samu sauyi da ɗan sauri, ta majalisa aka same shi. A Missouri, Jami'ar Lincoln, wadda sojojin baƙar fata da suka yi yaƙin basasa suka tara sama da dala 6,000 daga albashinsu suka kafa a 1866, ta yi shekaru tana yankar kasafinta domin cike kason da jiha ba ta bayarwa. A 2022 majalisar jihar ta ware mata cikakken kason a karon farko.

Wanda ke ɗaukar asarar

Giɓin da ke cikin takardun kasafi yana da fuska a gonaki da azuzuwa. A 1920 baƙar fata ne ke da kusan kashi 14 cikin 100 na gonakin Amurka, manoma sama da 900,000. A yau ba su kai kashi biyu cikin 100 ba. Dalilan suna da yawa, ciki har da wariya wajen ba da rancen noma, wadda Ma'aikatar Noma ta amince ta biya diyya a kanta a sulhun shari'ar Pigford na 1999, da kuma matsalar gonakin gado marasa takardun mallaka, waɗanda ake iya sayar da su bisa buƙatar magaji ɗaya. Malaman gona na jami'o'in 1890 su ne suka fi kusanci da irin waɗannan ƙananan manoma, su ke koya musu adana lissafi da cike takardun rance da kare filayensu. Duk dalar da jiha ta riƙe, wani gurbin malamin gona ne da ba a cike ba.

Wannan aiki tsohon gado ne. George Washington Carver ya isa Tuskegee a 1896 ya tarar babu ɗakin gwaji, ya harhaɗa kayan aiki daga tarkacen da aka zubar. Daga nan ya koya wa manoman da auduga ta cinye ƙarfin ƙasarsu yadda za su farfaɗo da ita da gyaɗa da wake da dankali. A 1906 makarantar ta fitar da keken doki mai ɗauke da kayan koyarwa zuwa ƙauyuka, kuma a wannan shekarar ce Thomas Campbell ya zama malamin gona baƙar fata na farko da gwamnatin tarayya ta ɗauka.

A ɓangaren ɗalibai, mafi yawan masu karatu a waɗannan jami'o'i 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne da ke dogaro da tallafin karatu na tarayya. Duk da haka, North Carolina A&T, wadda ta fi kowace jami'ar baƙar fata yawan ɗalibai, ita ce ke kan gaba a ƙasar wajen yaye injiniyoyi baƙar fata. Ɗalibanta huɗu ne suka zauna a wurin cin abincin da aka keɓe wa fararen fata a garin Greensboro ranar 1 ga Fabrairu, 1960, suka ƙi tashi, abin da ya kunna irin wannan zanga-zanga a faɗin Kudu. Ita ce ta yaye Jesse Jackson da ɗan sama jannati Ronald McNair. Katherine Johnson, wadda lissafinta ya taimaka wa hukumar NASA wajen harba mutum sararin samaniya, a West Virginia State ta yi karatu, jami'ar da wasiƙar 2023 ta ce an tauye mata sama da dala miliyan 850.

Inda zaren ya taɓo Najeriya

Tsarin jami'ar kyautar fili ba baƙo ba ne a Najeriya. A kansa aka gina Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a 1960, da taimakon Jami'ar Jihar Michigan. Jami'ar Jihar Kansas kuma ta taimaka wajen raya tsangayar noma da ta likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun cikin shekarun 1960. Dukkansu biyu jami'o'in 1862 ne, wato waɗanda suka samu cikakken kaso a gida har suka iya miƙa hannu zuwa ƙetare.

Matsalar kason jiha ita ma sananniya ce ga duk wanda ya yi aiki da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ce sai jiha ta ajiye nata rabin kafin ta karɓi tallafin tarayya, lamarin da ke sa kuɗi su yi ta zama a asusu alhali azuzuwa na zubar ruwa. Raunin tsarin iri ɗaya ne a ƙasashen biyu: wanda ya ƙi biya ba shi ne ke shan wahalar ƙin biyan ba.

Tsugune ba ta ƙare ba

Sauyin gwamnati a Washington bai kashe maganar ba. A watan Fabrairu na 2025 Ma'aikatar Noma ta dakatar da shirin tallafin karatu na ɗaliban jami'o'in 1890, wanda aka fara tun 1992, kuma wanda a 2024 ya kashe dala miliyan 19.2 kan ɗalibai 94. Bayan ƙorafin 'yan majalisa da shugabannin jami'o'i, aka dawo da shi cikin 'yan kwanaki. A watan Afrilu na wannan shekara Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan wani umarni game da jami'o'in baƙar fata, wanda a ciki aka ambaci ƙarfafa wa jihohi gwiwa su biya kason da doka ta tanada. Kamar wasiƙun 2023, shi ma jan hankali ne, domin ikon kasafin kuɗin jiha yana hannun majalisarta.

Shawarwarin gyara da masu fafutuka ke kawowa ba su da sarƙaƙiya. Akwai masu cewa a mayar da alhakin kason kan gwamnatin jiha, ta yadda jihar da ta hana jami'arta ta 1890 za ta ga tasirin hakan a tallafin babbar jami'arta. Akwai masu neman kowace majalisar jiha ta yi irin binciken da Tennessee ta yi, ta fitar da adadin da ita da kanta ta yarda da shi, sannan ta tsara biyansa kashi-kashi kamar yadda Maryland ke yi. Ita kanta wasiƙar 2023 ba ta nemi a rage wa wata jami'a kuɗi ba, ta nemi a ɗaga wadda aka bari a baya ne.

Kuɗin Maryland za su ƙare bayan shekara goma, na Mississippi sun riga sun ƙare, kuma babu jihar da ta biya adadin da aka rubuta mata a 2023. Kowace shekara majalisun jihohin nan 18 za su zauna su rubuta sabon kasafi, kuma a layin da ke ɗauke da sunan jami'ar 1890 ne za a ga ko rabon adalcin da dokar 1890 ta wajabta ya fara aiki.